Zaɓen Hukumar Makarantu a Biranen Amurka

Ana ta hayaniya kan zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, amma kuɗin da gwamnatin tarayya ke zubawa makarantun gwamnati bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga jihohi ne da kuma gundumomi, kuma kason gunduma yawanci harajin gidaje da filaye ne. Nan gizo ke saƙar. Unguwar da gidajenta ba su da daraja, ko an tsawwala mata haraji, abin da za a tara kaɗan ne, alhali yaranta ne suka fi buƙatar abincin rana, malaman koyar da Turanci ga baƙi, da gyaran rufi mai yoyo. A 1973 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka yi tsakanin gundumar makarantun birnin San Antonio da wani uban ɗalibai mai suna Rodriguez, ta yanke da ƙuri'a 5 da 4 cewa wannan tsari bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. A ganina hukuncin ya cuci talakan birni.

Hukumar makarantu ita ke amincewa da kasafi, ta naɗa shugaban makarantun gunduma, ta yanke wace makaranta za a rufe. Amma wurare da dama suna yin zaɓenta a watan Afrilu ko Mayu, ba tare da babban zaɓe ba, mutane ƙalilan ke fitowa, sai ƙungiyoyin malamai da masu hannu da shuni su ci karensu ba babbaka.

Birnin Cikago, inda hukumar da magajin gari ya naɗa ta rufe makarantu kusan 50 a 2013, sai a Nuwamban 2024 jama'a suka fara zaɓen mambobi 10 daga cikin 21 da hannunsu.