Makin da waya ta ba ta

Jiya na mayar da makullin ɗakin atisayen waƙa, shekarar hidimar ƙasa ta ƙare. Na ji ana cewa baɗi ma za a ci gaba da amfani da manhajar waƙa a aji, shi ya sa na ga bai kamata in tafi da wannan magana a ciki ba.

Ni na kawo shawarar. Ɗalibai sun fi fiyano yawa nesa ba kusa ba, wanda ke zaune a unguwannin Accra irin su Nima ko Madina kuwa, kafin trotro, ƙaramar motar haya, ya kawo shi an cika layi. Sai na ce kowa ya sauke irin su StarMaker, manhajar da ke ba mai waƙa maki, a wayarsa, ya yi atisaye a gida, ya turo mini ta WhatsApp haɗe da makinsa. Malamin da nake ƙarƙashinsa ya ce madalla, har ya kai maganar taron malamai kamar daga kansa ta fito.

Akwai wata yarinya 'yar Sabon Zango. Tun tana ƙarama ita ke jan baiti a makarantarsu lokacin Mauludi. In ta ja, sai murya ta zame daga sama ta lanƙwaso, ta ɗan tsaya a wani wuri da babu shi a fiyano, sannan ta sauka. Manhajar kuwa matakai 12 na fiyano ta sani, ta shimfiɗa layi, duk abin da ya faɗa tsakanin mataki da mataki kuskure ne a wurinta.

Ta same ni wata rana ta ce, "Yaya, me ya sa kullum makina ke ƙasa?"

Na ce, "Ƙanwata, waya ba ta da son kai. Ki bar lanƙwasar nan, ki bi layi."

Ta bi. Wata uku tana bi, maki na hawa, ni kuma ina nuna wa sauran a matsayin shaida.

Ranar jarrabawa ta zaɓi waƙar Hausa. Ba ta kauce ko sau ɗaya ba, amma kalmomin sun fito a sandare, wasu ma sai ka yi tunani kafin ka gane abin da take nufi. Wata dattijuwa cikin masu jarrabawar, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, ta ajiye biro ta tambaye ta ina muryar da aka ɗauke ta da ita. Yarinyar ta waiwayo ta dube ni.

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan tun ajin farko. An karantar da mu yadda Ephraim Amu, mawallafin waƙa na Ghana, ya dage cewa waƙar Twi ko Ewe dole ta bi hawa da saukar harshen, Nketia ma, masanin kiɗan Afirka, ya rubuta a kai. Hausa ma haka take: "kai" na kiran mutum da "kai" na jiki, sauti ne ya raba su. Na ci wannan a takarda, na zo na miƙa kunnena ga waya.

Da aka tambayi malamin, cewa ya yi gwajin yaron nan ne, shi bai bi diddigi ba. Ina zaune a wurin. Laifina na ɗauka, amma yabon da ya karɓa a taro bai mayar ba.

Wanda zai gaje ni, manhajar tana da amfani wajen riƙe kiɗa da sa mai kunya ya buɗe baki. A kashe amsa-kuwwa da gyaran murya kafin a ɗauka, don suna rufe ƙarancin numfashi. Kada makin waya ya shiga takardar sakamako. Kuma duk abin da babba ya amince da shi, a sa ya rubuta.

Na je Mauludin makarantarsu bana, na tsaya daga baya. Ita ta ja baiti. Ta lanƙwasa a wurare biyu, a na uku na ji ta riƙe kanta ta miƙe.