Shirwar Inna

Talata, Gadarif, Sudan

Ko shayi ban gama haɗawa ba Abba ya faɗo gida da bokiti, bakinsa har kunne. "Umma, zo ki ga arziki!" Matattun tsuntsayen jan-baki ne, zarzur a bakin mutanen nan, sun kai rabin bokitin. Wai a gindin itatuwan ƙaya na bakin kwari ya tarar da su zube kamar an shanya gyaɗa. Ba harbi, ba tarko. Har ya fara tambayar ko akwai man suya. Na fizge bokitin, na sa shi wanke hannu da sabulu sau biyu, Mubarak ya haƙa rami can bayan gida ya binne. Abba ya yi ta kumbura baki har ya tafi makaranta.

Aji lafiya lau. Alli ya ƙare. Wuta ba ta zo ba.

Bayan magariba da aka shimfiɗa tabarma Kawu Isa ya zo shan jabana, gahawar mutanen nan, maganar ta tashi. Inna ta riga kowa: alamar ƙarshen zamani ce, tunda aka haife ta ba ta ga tsuntsu ya faɗo daga sama ba gaira ba dalili. Mubarak kuwa ya samu abin yi. Ya ce ai a Amurka an yi haka, wani gari Beebe a jihar Arkansas, daren shiga 2011, dubban tsuntsaye suka zubo a tituna da rufin gidaje. Da aka duba gawarwakin, buguwa ce ta kashe su. Ana ganin wasan tartsatsin wuta na sabuwar shekara ne ya tashe su daga barci, su kuma ba sa gani da dare, suka yi ta karo da gini da wayoyi. Inna ta ce, "To mu wa ya yi mana wasan wuta a nan?" Dariyar ba ta yi tsawo ba. Ƙarar da ke firgita mutane a ƙasar nan tun 2023 ba ta wasa ba ce, ta yaƙi ce.

Mubarak bai haƙura ba, ya koma Indiya. A 2019 tsuntsaye kusan 18,000 suka mutu a tafkin Sambhar, saboda wata guba da ƙwayoyin cuta ke fitarwa a ruɓaɓɓen ruwa, mai shanye fuffuke da wuya har tsuntsu ya kasa ɗaga kai. Ni kuma murar tsuntsaye ce ta tsaya mini a rai tun safe, shi ya sa na yi ta leƙa akurki. Kajin Inna garau suke, har da faɗa a kan tsaki.

Duk wannan Kawu yana juya finjalinsa. Sai da muka gaji ya ce, "Ku yaran nan kun je Amurka kun dawo, amsa tana bayan gari. Feshi ne." Ya ce idan dawa ta fara kosawa, sai a bi jan-baki a gano inda suke kwana, da almuru ƙaramin jirgi ya zo ya feshe wurin. Fenthion ake kiran maganin. Wasu su mutu a take, wasu su tashi su yi ɗan nisa kafin su zubo. Na ce, "Amma Kawu, a wurin da yara ke wucewa?" Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, kin taɓa ganin su sun sauka a gonarki? Ɗaya ko cikin tafin hannu bai cika ba, amma sai su taso kamar hadari. Ka yi noma tun farkon damina, su bar maka kara." Na san shekarar da yake nufi, wadda muka ci dawar aro. Na yi shiru. Shi ma dai bai ga jirgin ba, amma tasa ta fi zama a kunnena.

Can Abba, da muke zaton ya yi barci, ya ce, "Har da shirwa ma na gani. Mai yagaggen fiffiken nan."

Shirwar da ta ɗauke wa Inna 'yan tsaki huɗu a watan nan. Wadda kullum Inna ke bi da muciya tana Allah ya isa. Kawu ya ce ai haka ne, ta ci matattun, gubar ta bi ta. Na jira in ji Inna ta ce alhamdu lillahi. "Allah sarki," kawai ta ce, ta tattara kofuna.

Abin ya ƙi barina. Rabin bokiti na sa aka binne da safe ban ji komai ba sai tsoron kada yarona ya ci. Shirwa ɗaya, ɓarauniya ma, ita ce ta hana ni barci. Ina ta tunanin maguna, da karnukan Malam Hamisu da ke yawo bakin kwarin nan, da yaran da iyayensu ba su fizge bokitin ba.

Da na fita alwala na ga Inna ta ajiye kwandon da take kife 'yan tsakin a bakin akurki, inda take ajiye shi kullum saboda safiya.