Gurbi Huɗu Maimakon Biyu: Yadda Muke Haɗa Layin Kwantam Mai Jure Hayaniya

Sana'armu ita ce haɗa layin da ke raba makullin sirri tsakanin wurare biyu, ta hanyar tura ƙwayoyin haske, wato foton, a cikin wayar fayiba; shi ake kira layin kwantam. A tsarin BB84 da Bennett da Brassard suka fitar a 1984, hali biyu kacal ake rarrabewa a kowane awo na foton, wato 0 ko 1. Da zarar kuskure ya haura kusan kashi 11 cikin 100 sai a watsar da makullin, domin ba a iya rarrabe hayaniyar layi da hannun mai leƙen asiri. Mu hali huɗu muke ɗora wa kowane foton. Yana kai bit 2 a tafiya ɗaya, layin kuma ya jure kuskure har kusan kashi 19.

Hanyoyin samun hali huɗun suna da yawa. A 2017 masu bincike a birnin Ottawa na Kanada sun yi shi da murɗaɗɗen haske a sararin iska, tsawon mita 300. Amma wayar fayiba ta yau da kullum ba ta riƙe wannan murɗin, shi ya sa muka tsaya kan gurbin lokaci. Leza ce mai tsawon zango (tsawon kaɗawa ɗaya ta haske) nanomita 1550, sai na'urar yanka haske ta sassara shi gurbi huɗu, kowanne pikosakan 400 (pikosakan ɗaya bisa tiriliyan ne na daƙiƙa). A rage ƙarfinsa har ya koma ƙasa da foton ɗaya a matsakaici, ana kuma sassauya ƙarfin don a kama wanda ke satar rarar foton. Da wannan salon Jami'ar Duke ta Amurka ta fitar da makulli sama da megabit 26 a daƙiƙa, a asarar da ta yi daidai da waya mai kilomita 20.

Gane gurbin da foton ya sauka ba wuya. Inda gwani ke fita shi ne awo na biyu, wanda ke tona mai leƙen asiri, lokacin da foton ɗaya ke baje a gurbin huɗu gaba ɗaya, saƙon yana cikin yadda kaɗawarsu ta dace da juna. Intaferomita uku ake jerawa don a karanta shi, wato na'urorin da ke raba haske hanya biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, su sake haɗa shi. Jinkirin pikosakan 400 bambancin tsawon waya ne na kusan santimita 8, kuma zafi ya motsa da digiri ɗaya tak, hanyar hasken ta sauya da kusan rabin zango, amsar ta kife. Saboda haka kowace intaferomita akwatinta daban, a rufe ruf, zafinta a riƙe cikin ɗaya bisa ɗari na digiri. Na'urar yankan ma saitinta na zamewa a hankali, haske ya riƙa tsiyaya cikin gurbin da ya kamata ya zama duhu, don haka kullum da da'irar da ke mayar da ita kan saiti.

Masu kawo kaya su ne ciwon kanmu. Ka nemi kan waya kore mai gogen karkata digiri 8, wanda ke hana haske komowa baya, a cuso maka shuɗi mai baki a miƙe, ko koren da aka goge a gurguje. Kowane kai sai mun duba shi da madubin ƙara girma mun auna asararsa kafin ya shiga layi. Waya mai kyau desibel 0.2 (ma'aunin asarar haske) take ci a kilomita, ke nan mummunan mahaɗi guda mai cin desibel ɗaya ya haɗiye maka kilomita 5.

Sai mai saye ya zo yana neman ragi, wai a cire masa na'urar kama foton mai sanyin ƙasa da kelbin 3 (kusan digiri 270 ƙasa da sifili), a sa ta sinadarin InGaAs mai araha. Muna gaya masa gaskiya: waccan tana kama sama da kashi 80 na foton, wannan kusan kashi 20 zuwa 25, ga ƙirgen ƙarya a cikin duhu, ga maimaita bugu bayan kowane kamu. Hali huɗu na bukatar na'urori da yawa, kowace da nata ƙirgen ƙaryar. Ratar da aka samu daga 11 zuwa 19 nan take take ƙarewa. Masu kwaikwayo da ke tallan gurbi goma sha shida ba sa faɗin wannan.

In layin zai raba waya da saƙon intanet, warwatsuwar Raman, wato fantsamar hasken intanet ɗin zuwa wasu zanguna, ce ke jefo baƙin foton. Mukan kai tasharmu zangon nanomita 1310, mu sa matattara mai ƙunci. Kafin mu miƙa aiki sai layin ya kwana yana gudu, mun ga yadda kuskurensa ke motsi tsakanin zafin rana da sanyin dare.