Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rakiyar Dodanni

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya inda na samu aikin kwashe kwanuka a gidan abincin wani otal da ke Kissimmee, kudu da Orlando a jihar Florida ta Amurka, a bakin babban titin nan mai lamba 192. Sunan otal ɗin zan bar shi a cikina, don har gobe akwai mutanen kirki da ke neman na tuwo a wurin.

Orlando gari ne da baƙi ke riƙe da shi. Tun da katafaren wurin wasan nan Walt Disney World ya buɗe ranar 1 ga Oktoba 1971, sai SeaWorld ya biyo baya a 1973, Universal a 1990, har ta kai kafin korona mutum fiye da miliyan 70 ke shigowa garin a shekara. Manyan suna cin tsoka, ƙananan otal-otal irin namu suna tsintar abin da ya faɗo. Namu yana da ɗan wurin wasan ruwa da lilo na kansa, kuma ya kwaikwayi wata dabara ta manyan: karin kumallo tare da 'yan katun. Iyali su biya kuɗi mai tsoka, su ɗebi abinci da kansu, suna ci masu shigar dabbobi suna bin tebur-tebur, a rungumi yaro, a yi hoto, a sa masa hannu a littafi. Namu huɗu ne: Kada, Zomo, Biri da Aku.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a kwashe kwanuka shi ne naman alade. Mutanen nan ba sa karyawa sai da shi, kuma ko da safar roba a hannuna, zuciyata ba ta taɓa kwanciya da maiƙon ba. Na yi ta bin manaja har ya gaji da ni, ya ce akwai gurbin mai rakiyar masu shigar dabbobin nan.

Da na faɗa wa Umma a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke yanzu duk karatun da kika yi, rakiyar dodo kika tafi yi Amurka?"

Na ce, "Umma, mutum ne fa a ciki. Yarinya ce ma, ko tsawona ba ta kai ba."

"To, Allah ya kyauta. Ki dai riƙa addu'a kafin ki fita."

Tun daga ranar, a gidanmu sunan aikina rakiyar dodanni.

Zomo aka ba ni. Wadda ta fi sa rigar 'yar Puerto Rico ce, 'yar firit da ita, ga barkwanci in ta cire kan. In ta saka shi kuwa, ko tari ba a yarda ta yi ba. Ta wata 'yar raga da ke cikin bakin Zomo take gani, ba ta ganin gefe, ba ta ganin ƙasa. Yaro zai iya tsayawa a gindin ƙafarta ba ta sani ba, wani ya zagayo ya finciki bindi. Ni ce idonta, ni ce bakinta. In zafi ya ci ƙarfinta sai ta dafa kafaɗata sau biyu, ni kuma in ce wa yara Zomo zai je cin karas ya dawo. A bayan ƙofa in ta cire kan, gashinta sharkaf kamar an tsamo ta daga rijiya.

Sa hannun nan da kuke ji, sana'a ce guda. Kowane dodo yana da irin rubutunsa, kuma duk wanda zai sa rigar sai ya zauna ya yi ta kwaikwayo a takarda har ya zama babu bambanci, saboda yaron da ya zo bara zai buɗe littafinsa ya gwada da na bana. Na Zomo, harafin farko yana da kunnuwa biyu. Safar hannun kuma kauri gare ta, yatsu huɗu, ba ta iya riƙe siririn biro, sai maka, wato alƙalamin nan mai kauri. Ni zan cire murfin, in cusa mata a tsakanin yatsu, in buɗe shafi, in karkato littafin daidai saitin bakin don ta gani. Sai in durƙusa in tambayi yaro sunansa da ƙarfi, in maimaita harafi-harafi kamar ni ce ban ji da kyau ba, alhali ita nake karanta wa. In yaro ya ga sunansa ya fito daga hannun Zomo, har iyayen ma sai ka ga bakinsu ya ƙi rufuwa.

Amma duk wannan lokaci yake ci. Yaro ɗaya minti ɗaya ko biyu, tebur mai yara uku kuwa sai abin da hali ya yi. Kuma babu iyalin da zai tashi sai dodannin huɗu duk sun zo kansa, ko da sun gama ci tuntuni. Ku riƙe wannan, don nan ne gizo ke saƙa.

Korona ta zo a tsakiyar Maris 2020, aka rufe komai. Maigida da ke jan Uber ya rasa fasinja, ni ina gida. Kuɗin marasa aiki na Florida ba ya wuce dala 275 a mako, ba don ƙarin da gwamnatin tarayya ta yi ba da ban san yadda za mu biya haya ba. Disney ya fara buɗewa ranar 11 ga Yuli, amma a Satumba ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000. In babba ya yi haka, ina ga mu. Da aka kira mu muka koma, dodanni daga nesa suke ɗaga hannu, an gitta igiya, kowane tebur kuma a ajiye masa kati mai ɗauke da sa hannun dodannin, bugun inji. Babu wanda ya yi ƙorafi. Kowa ya san lalura ce.

Ranar 18 ga Afrilu 2022, muna tsakiyar azumi, Disney ya dawo da runguma da sa hannu a wuraren wasansa na Amurka. Muka ce alhamdulillahi, mu ma namu na tafe. Ba a jima ba manaja ya tara mu da sassafe kafin a buɗe. Ya ce runguma ta dawo, hoto ya dawo, amma sa hannu a'a, kati zai ci gaba. An yi wa Aku ritaya. Mu masu rakiya da muke huɗu an mayar da mu biyu. Mai soya ƙwai a gaban mutane shi ma an ɗauke shi, sai dai a kawo a babban tire.

Ban ce ba shi da hujja ba. A Nuwamba 2020 mutanen Florida sun kaɗa ƙuri'ar ƙara mafi ƙarancin albashi: daga dala 8.56 a awa a shekarar, ya koma dala 10 a ƙarshen Satumba 2021, kuma duk shekara za a ƙara dala ɗaya har ya kai 15 a 2026. Ni kaina na ci moriyar wannan. Ƙwai ma ya yi tsada a lokacin saboda murar tsuntsaye. Sai dai kuɗin karin kumallon an riga an ƙara shi tun da muka dawo, kuma da aka rage Aku da sa hannu ba a rage ko sisi ba. Ainihin lissafin ba ɓoyayye ba ne: in babu sa hannu, dodo zai gama zagaye da wuri, iyali su tashi da wuri, a share tebur a zaunar da wasu.

Ko a tsakaninmu kai bai haɗu ba. Masu hidimar tebur albashinsu a lokacin dala 6.98 ne a awa, sauran a tukwici suke samu, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci. Wani dattijo ɗan Haiti da ya daɗe a wurin ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanwata, tebur ɗaya da ya ƙaru kuɗin man motata ne. Kar ki sa wannan abu a ranki." Ban iya ce masa komai ba, don na san jikoki yake riƙo.

Abin da na kasa haɗiyewa ɗaya ne. Shagon tsaraba da ke daidai ƙofar shiga bai daina sayar da littafin sa hannu da maka ba. Uwa za ta saya wa ɗanta a nan, ta tako 'yan taku kaɗan, ni kuma in tare ta da murmushi in ce ba a yi. Har jimlar da za mu faɗa an rubuta mana: Zomo ya tashi tun da asuba ya sa muku hannu, ga katinku. Ga ni da azumi a baki ina rattaba wannan daga tebur zuwa tebur. Na gaya wa manaja ko dai a kwashe littattafan ko a liƙa sanarwa. Ya ce shagon ba a ƙarƙashinsa yake ba.

Wata Asabar, wasu iyali daga Ingila suka zauna kusa da taga, har da kaka. Yaron bai fi shekara bakwai ba. Littafinsa ba sabo ba ne, gefen duk ya lanƙwashe, an cika rabinsa tun zuwan da suka yi kafin korona. Ya buɗe shafin da ya keɓe, ya miƙa wa Zomo. Na faɗi jimlata, na miƙa kati. Ya karɓa, ya goga babban yatsansa a kan rubutun, ya leƙa na teburin kusa, ya ce, "Wannan ai inji ne ya buga. Nasu ma irinsa ne."

Uban ya fara magana, kakar ta dafa shi. Yaron bai yi kuka ba, littafin dai yana nan a miƙe.

Sai na ga Zomo ta juyo, ta buɗe mini tafin safarta. Na san me take nufi. Kullum akwai maka a aljihun rigata, sabo da yi. Na cire murfi na cusa mata, na karkato littafin, na tambayi yaron sunansa da ƙarfi.

Kafin ta gama zana kunne na biyu, littattafai sun fara fitowa daga jakunkuna ta ko'ina. Ashe kowa yana da nasa, ya ɓoye ne kawai. Kada da Biri suka ga abin da ake yi, su ma suka karɓi maka a hannun iyaye. Babu teburin da ya tashi a kan lokaci, layi ya taru a ƙofa har cikin shagon tsaraba, dattijon nan ɗan Haiti yana wucewa da butar kofi ko kallona bai yi ba.

Da aka tashi aka kira mu ofis, ni da ita. Aka ba kowa takardar gargaɗi. Ita ta ce ba za ta karɓa ba, ta cire katin shaidarta ta ajiye a kan teburin manaja ta fita, gumin rigar ma bai bushe a jikinta ba. Ni ina da haya da yara, na karɓa. Ya ce daga Litinin in koma kwashe kwanuka har sai ya neme ni.

Da muka sha ruwa na kwashe komai na gaya wa maigida. Ya ce, "Maman yara, ki daure har bayan Sallah, kin san akwai kuɗin da za mu tura gida." Muna cikin maganar wayata ta yi ƙara. Yarinyar ce. Ta ce yayarta tana aiki a wani kicin da ke dafa wa jiragen sama abinci kusa da filin jirgin Orlando, kuma suna neman wadda ta san ƙa'idar abincin halal. Ta ce in shirya takarduna, gobe da ƙarfe shida na safe za ta biyo ta ɗauke ni.

Yadda muka kwashe da maigida a kan wannan tafiya, da abin da na tarar a kicin ɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.