Daga teburin banki zuwa fangalin tumatir

Muna aji biyar a firamare malaminmu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da yake so ya zama in ya girma. Likitoci sun fi goma a ajin nan. Akwai matuƙa jirgin sama uku da ko filin jirgin Malam Aminu Kano ba su taɓa gani ba, da sojoji, da wani da ya ce shi gwamna. Da aka zo kaina na ce mai lambu. Aji ya kwashe da dariya, malam ma sai da ya murmusa ya ce, "To ai wannan ba sai ka zo makaranta ba." Sunan Mai Lambu ya bi ni har sakandare.

Ni kuwa da gaske nake. Duk hutu ana kai ni wajen kakana a wani ƙauye kusa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga yake biyo magudanai ya ratsa gonaki. Tsohon yakan ce kafin Audu Bako ya kawo musu wannan ruwa, da jigo suke ban-ruwa har kafaɗa ta sage. Abin da na fi so shi ne lokacin da zai sa fartanya ya fasa bakin fangali, ruwa ya shigo a hankali yana tura ɓurɓushin kara a gabansa, ƙasa tana tsotsa tana tashin ƙamshi. Sai in tsuguna in yi ta kallo har a kira ni cin abinci.

Ranar cike fom ɗin JAMB na rubuta fannin noma a Jami'ar Ahmadu Bello, don na ji labarin Samaru, inda cibiyar binciken noma ta jami'ar take. Baba ya karɓa ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Noman da na gudo na bari shi za ka je jami'a ka koyo? Ka manta ƙannenka shida?" Ban ce uffan ba. Aka sake fom, na karanta ilimin akanta.

Na shiga banki a 2008. Lokacin bai daɗe ba da Soludo, gwamnan Babban Banki na wancan lokacin, ya tilasta wa bankuna haɗewa, suka dawo 25 daga 89, kowanne yana buɗe rassa yana ɗibar matasa. Aka sa ni a sashen neman kwastoma. Aikin shi ne ka ɗaura kwat cikin zafin Kano ka bi Kantin Kwari da Singa da Dawanau, kana roƙon 'yan kasuwa su kawo ajiya, ranar Litinin kuma ka tsaya gaban manaja ka yi bayanin abin da ya hana ka cika taget. A watan Agusta na 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, kuma bayan nan aka shiga rage ma'aikata ko'ina. Wani abokin aikina ya zo da safe ya zauna, kwamfuta ta ƙi karɓar lambar sirrinsa. Da haka ya san an sallame shi.

Ba zan zagi albashin nan ba, don zai zama butulci. Da shi na sake wa gidanmu rufi, da shi ƙannena uku suka gama karatu, da shi Inna ta sauke farali. Duk wanda yake cewa kuɗi ba komai ba ne, bai taɓa tsayawa a kantin magani da takardar likita a hannu yana lissafin wanda zai saya da wanda zai bari ba. Sai dai na lura da wani abu a tare da ni. In aka tura ni wajen dillalan tumatir a Kwanar Gafan, sai in shagala da tambayar wane iri ne wannan, wanne ya fi jure tafiyar Legas, in dawo ofis da fom ɗin buɗe asusu ko alƙalami bai taɓa shi ba.

Shekara shida ina mafarkin gona a kan teburin nan. Kuma a mafarkin kullum hantsi ne, kullum ganye kore shar, babu bashi, babu ɗan ƙwadagon da ya karɓi kuɗi ya ƙi zuwa. Hangen Dala ba shiga birni ba.

A ƙarshen 2014 na ajiye aiki. Matata ta ce, "Abban Ummi, in dai ka yi istihara ni ba ni da ta cewa. Amma a ware kuɗin makarantar yara na shekara biyu tukuna, kada a taɓa shi ko me ya faru." Na yi yadda ta ce, kuma wannan ce shawara mafi amfani da aka ba ni a duk lamarin. Baba kuwa ya yi wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Na karɓi eka biyu cikin gonar kakana. Kakar farko tumatir ya yi kyau har ana tsayawa kallo, sai dai na kowa ma ya yi kyau, kuma duk a mako ɗaya ya nuna. Na kai Kwanar Gafan na tarar da kwanduna jere iya ganinka. Farashin da dillali ya faɗa mini, in ka cire kuɗin tsinka da na kwandon kansa da na mota da la'ada, abin da ya rage bai sayi buhun taki ba. Tumatir kuma ba hatsi ba ne da za ka mayar rumbu ka jira. Ragowar muka yanka muka shanya aka yi kauɗa.

Kaka ta biyu ita ce ta 2016, shekarar sharon, ƙwaron nan mai cinye tumatir. Wata safiya na ga wasu fararen tabo a jikin ganye, kamar an goge koren an bar fata. Na tsinko ɗaya na ɗaga shi saitin rana, sai ga 'yar tsutsa da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tana cikin ganyen, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana ci tana gaba. Shi ya sa feshi ba ya kai mata. Na yi feshi sau huɗu, na canza magani sau uku, duk a banza. Cikin kwana goma gonar ta koma kamar an bi ta da wuta, 'ya'yan da suka fara nuna duk a huje. Daga baya na san sunan ƙwaron Tuta absoluta, asalinsa daga Kudancin Amurka, ya ɓulla a Sifaniya a 2006 ya yi ta yaɗuwa har ya iso mu. A shekarar gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote ta Kadawa da aka buɗe ba da daɗewa ba ta tsaya saboda babu abin niƙawa. Ni kuma fiye da rabin abin da na tara a banki ya tafi.

A daren da na tabbatar babu abin tsinka, na ɗauko littafi na yi abin da na rantse na rabu da shi: na zana layin shiga da na fita. Na rubuta komai, har shayin 'yan ƙwadago da man babur. Lissafin ya nuna mini abin da ban so gani ba. Ko da sharon bai zo ba, da ƙyar zan mayar da uwar kuɗi, domin shekara biyu ina noma da zuciya, ban taɓa tambayar kaina nawa kwando ɗaya yake ci mini ba. Karatun da na yi don dole shi ya zo ya tsamo sana'ar da nake so. Har yau in na tuna sai in ji kunyar Baba.

Abin mamakin shi ne da gari ya waye ban ji ina son komawa banki ba. So nake in san yadda ƙwaron nan yake rayuwa. Na yi ta bin malaman gona da tambaya. Na koyi sa tarko mai ƙamshin macen ƙwaron don a gane shigowarsa da wuri, da tuge ragowar shuka a ƙone bayan girbi, da dasawa da wuri don a tsinke kafin zafin Maris ya kankama. Na raba gonar, albasa gefe, masara gefe. Sannan lissafi ya nuna mini cewa ribata tana wajen renon iri, in sayar wa manoma dashe mai lafiya, su su yi kokawa da kasuwa. Wani dattijo maƙwabcin gonata da ya gan ni ina gyara fangali a kakar da ta biyo ya ce, "Ɗan boko, ashe kana nan? Mun ɗauka ka koma wa kwat ɗinka."

Yanzu matasa kan zo su ce mini su ma sun gaji da ofis, suna da abin da ransu yake so. Ba na zuga kowa. Ni ina da gonar gado, da ajiyar shekara shida, da mace mai haƙuri da hangen nesa, kuma duk da haka saura ƙiris in durƙushe. Wanda albashinsa ne kaɗai tukunyar gidansu, zalunci ne a ce masa ya saki. Abin da nake tambayarsu shi ne ko sun taɓa ganin sana'ar a ranar da ta fi muni. Mai son ɗinki ya zauna a shago daren sallah, wuta ta ɗauke, masu kaya suna zage-zage a ƙofa. Mai son koyarwa ya shiga aji mai yara ɗari a watan da albashi ya makara. Yawancinsu hantsin nan suke hange, irin wanda na yi ta hange.

Kuɗi kuwa har gobe ina jin rashinsu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban-ruwan da nake jawo ruwa da shi zuwa wajen reno ya koma cin kuɗi kamar mara lafiya. Wanda muka fara aiki rana ɗaya da shi yanzu babba ne a bankin, yaransa suna makarantar da ko kuɗin fom ɗinta sai na yi tunani. In muka haɗu a ɗaurin aure na ga motarsa, wani abu yakan ɗan taɓa zuciyata, ba zan ɓoye ba. Shi kuma yakan ce yana sha'awar yadda nake barci.

Bara Baba ya ce in kai shi ya ga wurin. Ya sauko daga mota da sandarsa, ya bi layin dashen yana dubawa bai ce komai ba. Can ya duƙa da ƙyar, ya tura yatsa cikin ƙasa, ya murza, ya ce, "Ruwan nan ya yi yawa, saiwa za ta ruɓe. Wa ya koya maka haka?" Na ce yaran ne suka zuba da safe. Ya ce a rage. Da za mu tafi ya sa aka ɗaura masa dashe ashirin a jiƙaƙƙen buhu, wai akwai wani fili a bayan ɗakin Inna da yake zaune a banza.