Sunayen da Ke Bayan Faifan Kantiri

A Kumasi ba a rasa mai son waƙar kantiri, wato country ta Amurka. Direban tasi da ke lodi a Aboabo, tela a Asawase, mai shayi a Alabar da sassafe, kowanne za ka iya jin Don Williams ko Kenny Rogers na tashi a rediyonsa. Yaran yanzu sun ƙaro Luke Combs da Chris Stapleton da Shaboozey. Galibi ba kundin mawaƙi ɗaya ake saurare ba, haɗaka ce: waƙoƙi goma sha takwas ko ashirin da suka yi tashe, an tara su a faifai guda, ko wani mai shago a Kejetia ya zuba su a filashi. Sunan da ke fitowa a fuskar waya na mai murya ne. Shi kuwa, a wannan sana'a, sau da yawa sai an gama rabin aiki yake shigowa.

Masu kallon finafinan Kano sun san irin wannan, jarumi na motsa baki, mai waƙar yana can situdiyo ba wanda ya gan shi. A Nashville, birnin jihar Tennessee da ke riƙe da kasuwar kantiri, mai muryar shi ne ya rera da bakinsa, amma baiti da kari wasu ne suka zauna suka ƙera. A unguwar Music Row rubuta waƙa aikin ofis ne. Marubuta biyu ko uku sukan sa rana, su haɗu da hantsi, kafin la'asar sun fito da waƙa. Al'adarsu ita ce duk wanda ke cikin ɗakin rabonsa daidai da na kowa, har suna zolayar juna cewa kalma ɗaya tak na iya ci wa mutum kashi ɗaya cikin uku.

“The Gambler” da dattawanmu ke kira waƙar Kenny Rogers, Don Schlitz ne ya rubuta ta, Larry Butler ya yi furodusa, ta fito a 1978. “Tennessee Whiskey” kuwa Dean Dillon da Linda Hargrove suka rubuta. David Allan Coe ya rera ta a 1981, George Jones a 1983, sannan Chris Stapleton a 2015 tare da furodusa Dave Cobb. Waƙa ɗaya, naɗi uku. Wanda bai kama wannan bambanci ba, duk abin da ke bayan faifai zai rikita shi, domin haƙƙi biyu ne ke tafiya tare a kowace waƙa. Akwai haƙƙin rubutun, na marubuci da kamfanin da ke riƙe masa waƙoƙi yana nema musu kasuwa. Akwai haƙƙin naɗin, wanda yawanci na kamfanin faifai ne da ya biya kuɗin situdiyo. Lokacin da Luke Combs ya sake rera “Fast Car” a 2023, kyautar waƙar shekara ta CMA, ƙungiyar masu sana'ar kantiri ta Amurka, Tracy Chapman aka ba, wadda ta rubuta ta ta kuma fitar a 1988, ta zama baƙar mace ta farko da ta karɓe ta. Wannan kyauta ta marubuci ce. Mai rerawa da furodusa da injiniyan haɗa sauti tasu daban take.

Waƙoƙin 'yan shekarun nan jerin marubutansu ya yi tsawo, kuma da dalili. “A Bar Song (Tipsy)” ta Shaboozey, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ta ari wani sashe na waƙar J-Kwon ta 2004, don haka marubutan tsohuwar suna cikin jerin sabuwar. “Old Town Road” ta Lil Nas X an gina kiɗanta a kan guntun sautin ƙungiyar Nine Inch Nails, shi ya sa ake ganin Trent Reznor da Atticus Ross na wannan ƙungiya a ciki, mutanen da ba ruwansu da kantiri. Idan mai kwafe ya ga suna shida ya yanke ya bar biyu don layi ya ishe shi, ya zubar da masu haƙƙi ke nan.

Ga yadda ake karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kowace waƙa a takardar faifai na asali. Sunayen da suka biyo taken waƙar na marubuta ne. Bayansu kamfanonin da ke riƙe da rubutun, kowanne da ASCAP ko BMI ko SESAC a gefensa, wato ƙungiyar da ke karɓo masa kuɗin sa waƙa a rediyo da wuraren taro. Sai furodusa. Sai alamar ℗ da shekara da sunan kamfani, wadda ke nuna mai naɗin da shekarar da aka fara fitar da shi. Alamar © ta bayan kwali yawanci ta zane da tsarin haɗakar ce, shekararta ta haɗakar ce, ba ta waƙoƙin ba. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su rubuta wa waƙar 2015 shekarar 2020 saboda a shekarar aka buga faifan.

Waɗanda haɗaka ta fi dannewa makaɗa ne. Kundin asali yakan jera su ɗaya bayan ɗaya, amma takardar haɗaka ba ta da filin waƙa ashirin da makaɗansu, sai a share su gaba ɗaya. Alhali kukan nan mai ja da ke sa a gane kantiri daga nesa, na jitar kwance da ake murzawa da ƙarfe ana taka mata feda, hannun mutane irin su Paul Franklin ne, a faifan Don Williams na da kuma Lloyd Green. Brent Mason ya kaɗa jitar lantarki a waƙoƙin da ba su ƙirguwa. Zaman naɗi a Nashville awa uku ne, bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa ta AFM reshe na 257, kuma an saba farawa ƙarfe 10 na safe, 2 na rana, 6 na yamma. Shugaban zama yana karɓar ninkin ladan sauran. Abin da ke ba su sauri shi ne rubutun lamba da Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ya fara a ƙarshen shekarun 1950, Charlie McCoy ya faɗaɗa. Maimakon a rubuta haruffan da ke nuna sautin da za a kaɗa, kamar G, C, D, sai a rubuta 1, 4, 5. Idan mawaƙi ya ce muryarsa ba ta kai ba a koma A, takarda ba ta canzawa: 1 ta zama A, 4 ta zama D, 5 ta zama E. Makaɗi ya ji gwajin waƙar sau ɗaya, ya duba takarda, a danna naɗi.

Furodusa kam kunne na iya gane shi in an saba. Joey Moi ke bayan sautin Florida Georgia Line da Morgan Wallen, Jay Joyce na Eric Church, Dann Huff ya daɗe da Keith Urban.

Ita kanta haɗakar tana da nata ma'aikata, kuma aikinsu ya fi kama da dillanci. Mai shirya ta yakan jera waƙoƙin da yake so fiye da abin da faifai zai ɗauka, tunda CD minti 80 ne iyakarsa, kuma ya san wasu za a hana shi. Sashen lasisi ya bi kowane kamfani ya nemi izinin naɗin, a yi cinikin kaso da tsawon lokaci da ƙasashen da za a sayar. Kusan kowa yakan sa sharaɗin cewa duk abin da aka ba wani na ƙari, shi ma a ba shi, saboda haka kamfani ɗaya ya tsauwala sai lissafin faifan duka ya tashi. Wannan ne ya sa jerin Now That's What I Call Country, da ya fara a 2008, ya samu sauƙi: manyan kamfanonin da ke da waƙoƙin su ne da kansu suka haɗa jari. Wasu mawaƙan kuma ba sa sakin kayansu da arha. Garth Brooks tun 2016 Amazon Music ya ba waƙoƙinsa, ba ya cikin Spotify. Daga ƙarshe injiniyan gogewa ya daidaita ƙarfin sauti, don kada waƙar Stapleton mai sanyi ta nutse a bayan ta Wallen mai ƙara, ya kuma sa tazara tsakanin waƙoƙi. Haɗaka ba ƙaramar kasuwa ba ce: faifan kantiri na farko da aka tabbatar ya sayar da miliyan ɗaya, Wanted! The Outlaws na 1976, tarin tsofaffin naɗe-naɗe ne na Waylon Jennings da Willie Nelson da Jessi Colter da Tompall Glaser.

Batun kuɗi. A Amurka doka ta yanka wa ɓangaren rubutu santi 9.1 kan kowace waƙa a kowane faifai, aka ɗaga zuwa santi 12 a 2023. A farashin 2023, faifai mai waƙa 20 ke nan dala 2.40. Idan marubuta uku ne, kowa santi 4, kuma kamfaninsa zai cire nasa a ciki. Rediyon AM da FM na can marubuta yake biya, ba ya biyan mai naɗi ko mawaƙi. Rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam ne ke biya ta hannun SoundExchange, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin naɗi: kashi 50 na mai naɗi, 45 na mawaƙi, 5 kacal na makaɗa da 'yan amshi.

To, mu a nan ina abin ke lalacewa? Na farko, sake naɗi. Haɗaka mai arha takan ɗauko tsohon mawaƙi ya sake rera waƙarsa a wani ƙaramin situdiyo, don kauce wa biyan kamfanin asali. Murya tasa ce, makaɗa da furodusa ba su ba ne. Duba shekarar ℗, ka duba tsawon waƙar, in ya saɓa da na kundin asali da daƙiƙa goma ko ashirin ka yi shakka. Mafi tabbas lambar ISRC, mai gurbi 12: biyu na ƙasa, uku na kamfani, biyu na shekara, biyar na jeri. Naɗi ɗaya lambarsa ɗaya ko a faifai nawa ya fito, amma gajeren zubi na rediyo da sake naɗi kowanne da tasa. Shekarar cikinta ta ranar ba da lambar ce, kada a ɗauke ta ta naɗi.

Na biyu ya shafi masu zuba waƙa a filashi da memori. Kwastoma ya sa a mota ya ga faifai ɗaya ya watse ya zama kundi ashirin, ko kowace waƙa ta fito da sunan shafin da aka sauko da ita. Gurbin Album Artist ne aka bari fayau. A buɗe fayilolin da manhajar Mp3tag, a sa Various Artists a wannan gurbi ga dukkansu, sunan mawaƙi a Artist, marubuta a Composer, lambar jeri 01 zuwa 20 da sifili a gaba, in ba haka ba rediyon mota zai sa ta 10 kafin ta 2.

Mai gabatar da shiri a rediyo kuwa, da dije mai kiɗan biki a Zango, nauyinsu ya fi, tunda dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, mai lamba 690, ta shafi irin wannan amfani, kuma GHAMRO ce ƙungiyar da aka kafa a Gana don karɓar kuɗin masu haƙƙin waƙa. Takardar jerin waƙoƙin da aka sa tana buƙatar take, mawaƙi, marubuta da tsawon minti. Marubutan ana samunsu kyauta a shafin Songview na ASCAP da BMI, makaɗa da injiniyoyi kuma a shafin kundin asali a Discogs, ba shafin haɗakar ba.