Turancin ciwo da na mota a arewacin Birtaniya

Da yawa daga cikinmu da muka shigo Birtaniya bayan Fabrairun 2022, lokacin da aka sa aikin kula da tsofaffi cikin bizar ma'aikatan lafiya, a arewacin ƙasar muka sami gurbi: Manchester, Leeds, Sheffield, Newcastle, wasu har Glasgow. Kowa ya nuna shaidar jin Turanci kafin ya taso. Sai dai jarrabawa ba ta san bakin tsohuwar da ta tashi a garin masaƙa a Lancashire ba, kuma da ita za ka yini. Turancin da muka taho da shi ma ba na yau ba ne. Wani ɓangarensa Turawan mulkin mallaka ne suka bar mana, su suka daina faɗa, mu muka riƙe. A wuri biyu saɓanin ya fi cizo: maganar ciwo da maganar abin hawa.

A gida kowane rashin lafiya “sick” ne. A nan in ma'aikaciyar dare ta ce maka wane “was sick” sau biyu, amai take nufi. In tsoho ya ce “I feel sick”, zuciyarsa ce ke tashi: ka tayar da shi zaune, ka miƙo roba, kada ka bar shi rigingine ya shaƙe. A takardar rahoto ake yin ɓarnar. Sabon zuwa ya rubuta “sick” yana nufin jiki ba daɗi, nas ta karanta amai, sai a shiga lissafin ko maganin da aka ba shi ya dawo, ko a killace shi a ɗaki don tsoron cutar amai da gudawa ta lokacin sanyi. Ka rubuta abin da idonka ya gani: ya ƙi cin abinci, yana tari, zafin jikinsa kaza. Inda kalmar ke komawa ma'anarmu shi ne a maganar aiki, “off sick”, wato bai zo ba don ba shi da lafiya. Kwana 7 na farko kai kake shaidar kanka. Bayan haka sai da takardar likita, wadda tun 2010 sunanta “fit note”, ko da yake kowa tsohon sunanta “sick note” yake faɗa. Wanda ya yi amai ko gudawa kuwa ba ya komawa cikin tsofaffi sai ya cika awa 48 da tsayawar abin.

Kalmarsu ta rashin lafiya ita ce “poorly”. Kunnenmu yana jin ta mara nauyi, kamar ta rarrashin yaro, kuma a bakin uwa haka take. Amma ranar da likita a asibiti ya ce majinyaci “very poorly” ne, ciwo ya kai intaha, a kira dangi. Kada ka sassauta ta in kana fassara wa 'yan uwa a waya. A Yorkshire da Lancashire tsofaffi kan ce “she's badly”, ba mummunan hali suke nufi ba, tana kwance ne. Akwai kuma “I'm starved”, wanda a tsohon bakin yankin sanyi ne ya kama mutum, ba yunwa ba. Kafin ka nufi kicin, taɓa hannunta, duba ko hita na aiki.

Wasu kalmomin an yi su ne don a rage wa ciwo girma, kuma su suka fi haɗari. Tsohuwa za ta ce ta yi “funny turn” da safe, tana dariya. Yana iya zama jiri ne don ta miƙe da sauri, yana iya zama ƙaramin shanyewar ɓarin jiki da ya zo ya wuce. Ka tambaye ta dalla-dalla: baki ya karkace? Hannu ya yi nauyi? Magana ta harɗe? In ɗaya ya faru, lambar gaggawa 999 ake bugawa, ko da yanzu garau take. “Off his legs” na nufin jiya yana tafiya yau ya kasa, kuma sau da yawa ciwon mafitsara ne a ƙarƙashi, abin da suke kira “water infection”, wanda kan rikita tunanin tsoho ka ɗauka ruɗewar tsufa ce. Mai cewa zai “spend a penny” ba kanti za shi ba, fitsari ne ya matse shi. Maganar ta samo asali daga banɗakin gwamnati da ake jefa wa kwabo ɗaya kafin ƙofa ta buɗe. A Scotland allura “jag” ce, amai “boak”, hammata “oxter”.

Mu ma muna rikita su. Ka ce wa likitan unguwa kana “purging”, kai gudawa kake nufi, shi kuwa tunaninsa ya tafi ga masu ƙaƙaro amai da gangan don kada su yi ƙiba. Ka ce kana shan “drugs”, ya ɗauka ƙwaya. “Medication” ko “tablets” ake cewa. A gida “put to bed” haihuwa ce, a gidan kula da tsofaffi kwantar da mutum ne ya yi barci. Shi kansa ofishin likitan “surgery” ake ce masa, don haka kada gabanka ya faɗi, ba tiyata za a yi maka ba.

Wadda ta fi duka nauyi ita ce “fever”. Mu in muka ce zazzaɓi, sauro ne a ranmu, ba sai an faɗa ba. Likitan nan zafin jiki digiri 38 ko sama da haka kawai ya ji, kuma zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin abin da zai fara zargi, tunda ba a kama shi a ƙasar. Zai iya cewa mura ce, ka sha farasitamol ka huta. In ka je gida cikin shekarar da ta wuce, faɗi da bakinka tun a jimlar farko: na dawo daga Najeriya, ko Nijar, ko Ghana, a ranar kaza, ina so a gwada jinina don maleriya yau. Yawancin masu kwanciya da ita a Birtaniya irinmu ne da suka je ganin dangi a Afirka ta Yamma ba su sha maganin riga-kafi ba, don sun ɗauka jikinsu ya saba. Wannan sabo na jiki yana zubewa in aka daɗe a waje.

A asibiti za ka ji an ce majinyaci ya kwana a kan “trolley”. Ba keken zuba kaya na kanti ba ne, gado ne mai ƙafar taya da ake ajiye mutum a kai kafin a sami gurbi. Keken lantarki da tsofaffi ke hawa kuma, dokar 1988 “invalid carriage” ta kira shi. A takarda kawai ka bar sunan, faɗa wa mutum shi cin fuska ne. Iri biyu ne: mai gudun mil 4 a awa, na gefen titi inda masu ƙafa ke bi, da mai mil 8, wanda ake yi wa rajista da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasin tuƙi, yana hawa titi.

Sunayen motoci kuwa a neman aiki suke yi wa mutane tarko. Abin da muke kira tirela, kai da jela, su “artic” suke cewa. “Trailer” jelar ce kaɗai, har da ɗan akwatin da ake ɗaura wa ƙaramar mota. “Wagon” a wurinmu Fijo ce mai dogon baya, a nan sunanta “estate”, “wagon” kuma a arewacin Ingila babbar mota ce. Tallan aiki har yau tsofaffin sunaye yake ɗauka: “Class 2” shi ne lasin C, na babbar mota mai jiki ɗaya, “Class 1” shi ne C+E, na tirela. Lasin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500. Na Najeriya wata 12 yake aiki daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi, sai ka karɓi na koyo ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Malamin tuƙi matashi ba lalle ya gane “trafficate” ba, alhali daga kalmar kakanninsa ta fito, “trafficator”, ɗan hannun nan mai fitila da ke miƙowa daga gefen motocin da. “Indicate” zai ce. “Go-slow” kuma ba cunkoso ba ne, jan ƙafa ne da ma'aikata ke yi wa aiki in suna rigima da masu kamfani.

Masu shirin jan tasi su kula da suna guda da ya rage daga zamanin keken doki: “hackney carriage”. Ita kaɗai doka ta yarda a tsayar a titi ko ta yi layi a tasha. Mota mai lasin “private hire”, har da ta Uber, sai an yi odarta ta kamfani ko manhaja. In mutum ya ɗaga maka hannu ka tsaya ka ɗauke shi yadda muka saba a gida, ka yi laifi, kuma inshorarka ba ta rufe wannan tafiyar ba. Ƙananan hukumomi, su da ke ba da lasin, kan turo jami'ai cikin kayan gida su tsayar da direbobi don gwaji, musamman daren Juma'a da Asabar a bakin gidajen rawa.